Eriya shara-shara a kan faifan sola na CubeSat: kundin aiki, Janairu zuwa Yuli 2025

13 ga Janairu, 2025

Tauraron ɗan'adam ɗin da ake haɗa wa wannan fuska ta sola mai girman 3U ne, dogon akwati mai santimita 10 a faɗi, 10 a kauri, tsawo milimita 340.5, bisa ƙa'idar CubeSat da Jordi Puig-Suari da Bob Twiggs suka fito da ita a 1999. Wanda ya san NigeriaEduSat-1 ko GhanaSat-1 da aka saki a falaki a 2017, ya ɗora irinsu uku a kan juna. Kowace doguwar fuska tana da ginshiƙi a gefe da gefe, kowanne milimita 8.5, filin da ya rage a tsakani milimita 83. A nan ake jera ƙwayoyin sola 7 na Azur Space 3G30, kowace milimita 40 sau 80, da yankakkun kusurwoyi biyu, filinta santimita murabba'i 30.18. A sararin samaniya rana na zuba kusan wat 1,360 a kan kowace mita murabba'i, don haka ƙwaya ɗaya na ba da wat 1.2, a kan bolt 2.4 da rabin amfiya. Fuska duka wat 8.4.

Eriyar faci (shimfiɗaɗɗen ƙarfe a kan allo) ta zangon S, wato firikwensin rediyo daga 2 zuwa 4 GHz, da ake saya a kasuwa, da allonta da daɓen ƙarfen da ke ƙarƙashinta, tana cin filin ƙwaya biyu cur. Wat 2.4 ke nan ya tafi, fiye da rubu'in abin da fuskar ke samarwa. Abin da ake nema shi ne a bar ƙwayoyin a inda suke, a ɗora musu gilashi, a zana facin a kan gilashin da ƙarfe mai siffar raga, haske ya ratsa, ƙwayoyin kuma su zama daɓen eriyar.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A Luzan ta Suwizalan an yi aikin SOLANT a farkon shekarun 2000, aka haɗa eriya da ƙwayoyin sola a faifai ɗaya. Reyhan Baktur da ɗalibanta a Jami'ar Jihar Yuta ta Amurka sun daɗe suna buga raga a kan gilashin ƙwayar sola. Tauraron ISARA na cibiyar JPL ta hukumar NASA, da aka harba a Nuwamba 2017, ya bi wata hanya: eriya a bayan fiffike, sola a gabansa. Wannan sai mai fiffike, namu kuwa ba shi da shi. Zai riƙa fuskantar rana da wannan fuska, in ya zo wucewa ta saman tashar ƙasa ya juya mata ita na minti goma ko ƙasa da haka, sannan ya koma.

Sharuɗɗan da aka kafa: ta amsa a 2,245 MHz, tsakiyar zangon 2,200 zuwa 2,290 da ake sauko da bayanai a kansa, sigina mai murɗawa dama, ƙarfin jifa, wato yadda eriya ke tattara sigina zuwa gaba, kada ya gaza 4 dBi, asarar wuta kada ta wuce rabin wat, kuma komai kada ya ɗaga sama da milimita 6.5 daga fuskar ginshiƙi, in ba haka ba akwatin da ke tura tauraron ba zai karɓe shi ba.

27 ga Janairu

Duk wanda ya ji an ce eriya shara-shara, ITO ne ke fara faɗo masa, shafen nan na indiyom da kuza da ake yi wa gilashin fuskar waya. A ido ba shi da aibi, a lissafi yake faɗuwa. A wannan firikwensi karan, wato wutar lantarkin da ke gudana, ba ya nutsewa cikin ƙarfe, a fata yake tafiya. A jan ƙarfe zurfin fatar maikuron 1.4 ne, turjiyarta om 0.012 a kowane murabba'i. ITO mai barin haske sosai yana tsakanin om 5 da 10, wato ninki ɗari huɗu ko fiye. Faci a kan gilashi mai kaurin milimita 2 yana riƙe sigina tana kai da komo tsakaninsa da daɓe kafin ta fita, kuma kowane zagaye turjiya na gutsurar rabonta. Da ITO mai om 5, kashi 10 cikin 100 kaɗai ke fita sarari, sauran ya zama zafi. Asarar dB 10 ke nan a ma'aunin ƙarfin sigina. A zangon X ko Ka, inda igiya gajera ce, ana iya sauraron maganarsa. A zangon S an rufe babinsa.

Saura raga. Lissafin haskenta mai sauƙi ne: a raba faɗin rami da tazarar zare zuwa zare, a ninka amsar da kanta. Zare mai milimita 0.1 a tazarar milimita 2 yana barin kashi 90 cikin 100, turjiya kusan om 0.25. Zare mai 0.2 yana barin kashi 81, turjiya ta ragu da rabi. Za a yi duka biyun.

Gilashi kuwa an tsaya a kan silika zalla. Lambarsa ta εr, mai nuna yadda abu ke rage wa igiya gudu, 3.78 ce, ba ya shan sigina, kuma radiyeshin sararin samaniya ba ya dusashe shi. Gilashin taga yana shan sigina, borosiliket marar seriyom yana yin duhu a falaki, robar akirilik kuma tana yin ɗorawa a hasken UV. An yi odar guda 6, milimita 82 sau 94, kauri 2, kowanne giram 34. An bar rarar tsawo ne don a sami wurin kamawa sama da ƙasa, tunda a gefe milimita ɗaya da rabi kaɗai ya rage. Lissafin farko ya ba da faci murabba'i mai milimita 34.

6 ga Fabrairu

Kafin gilashi ya iso an yi gwaji a allon lantarki na RO4350B mai kaurin milimita 1.524, wanda lambarsa 3.66 ke kusa da ta silika, kuma huda shi ba ya cin kuɗi. Toshasshen faci ya amsa inda lissafi ya ce. Raga mai girma ɗaya da shi ta sauko da kusan kashi 4 cikin 100, domin karan na matsuwa cikin siraran zaruruwa, facin ya zama kamar ya fi girmansa. Ke nan ragar gaske za a rage ta zuwa wajen milimita 32. An gwada cire rabin zaren da ke gitta hanyar karan, bai canja abu mai yawa ba, amma wannan rangwame na sigina miƙaƙƙiya ne. Mai murɗawa tana bin ɓangarori biyu, dole ramukan su zama murabba'i.

24 ga Fabrairu

Tawadar azurfa da injin buga takarda ke fesawa ita ce hanya mafi arha, an kuma gwada ta a gilashi ɗaya. Bugu guda yana barin kauri wajen maikuron ɗaya, bai kai zurfin fata ba, kuma ko bayan gashi a digiri 180 ba ta kai azurfar gaske ɗaukar wuta ba. An maimaita bugun sau uku, zaren ya baje daga milimita 0.1 zuwa 0.16, gefensa kamar haƙoran zarto. Ko da ta yi kyau ma akwai babban dalilin ƙin ta: a falakin ƙasa-ƙasa akwai oksijin mai ƙwaya ɗaiɗai da tauraro ke karo da shi a gudun kilomita 7 da rabi a daƙiƙa, kuma azurfa tsirara na cikin abin da ya fi ci.

Hanyar da aka bi: a wanke gilashi da asiton, sai barasar aisofurofil, a fesa masa titaniyom nanomita 30 a tukunyar da aka zuƙe wa iska don ƙarfe ya kama, sai jan ƙarfe nanomita 200 a matsayin iri. A shafa maganin da ke jin haske, a haska zanen raga, a gina jan ƙarfe da lantarki har maikuron 5, wato ninki uku da rabi na zurfin fata, a rufe da zinariya siririya, a cinye irin da ya rage a ramuka. An ƙi sa nikel tsakanin jan ƙarfe da zinariya kamar yadda masu allon lantarki suka saba, domin nikel na da maganaɗisu, kuma daidai a fatar da karan ke bi zai zauna. Gilashi biyu sun fito lafiya. A na uku zare ya ɗago da aka manna masa salatif aka fizge. An gano an bar shi kwana biyu a buɗe tsakanin wanki da feshi. Daga yanzu wanki da feshi rana ɗaya.

11 ga Maris

Awon haske. An kafa ƙwayoyi biyu na gwaji da ɗaya ta shaida a kan farantin alminiyom guda don zafinsu ya zo ɗaya, aka fuskantar da su rana da tsakar rana, ana karanta karan ɗin da suke bayarwa in an haɗe bakinsu. Ba adadin kansa ake kallo ba, rabonsa da na shaida ake kallo, saboda rana a doron ƙasa ba ta wuce wat 1,000, kuma iska ta tace mata shuɗi.

Maganar shuɗin nan tana da nauyi. Ƙwayar hawa uku ce a jere: na sama, galiyom-indiyom-fosfayid, yana cin shuɗi zuwa ja, na tsakiya, galiyom asenayid, yana ci har wajen nanomita 880, na ƙasa, jamaniyom, yana kwashe sauran kuma karan ɗinsa ya yi rara. Hawan da ya fi ƙarancin karan shi ke yanke wa sauran hukunci. Saboda haka takardar mai sayarwa da ta ce abu na barin kashi 90 na haske ba ta faɗi komai ba sai an san wane launi ya tare. Raga ba ta da wannan matsala, inuwa ce kawai, kowane launi daidai take tare shi.

Sakamako: gilashi zalla da aka ɗora, da iska a ƙarƙashinsa, ya rage karan da kashi 6.9 cikin 100. Da raga mai kashi 90, kashi 8.6. Da mai kashi 81, kashi 10.2. Ashe gilashin ya fi ragar ci. Dalilin a bayyane yake in an zauna da alƙalami: facin santimita murabba'i 11.6 ne a kan fili mai 60.4, bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, don haka kashi 10 na inuwarsa bai kai kashi 2 na duka ba. Gilashi kuwa ya rufe ko'ina, kuma kowace fuskarsa na mayar da kashi 3.5 na haske. Da aka ɗiga man silikon ya cike tsakanin gilashin da ƙwaya, fuskar ciki da ta gilashin murfin ƙwayar suka ɓace wa haske, asarar gilashi ta faɗo zuwa kashi 2.

Wata guda aka yi ana fama da siranta zare, alhali ribar da ke ciki ba ta kai ta ɗigon mai ba. An ajiye raga mai kashi 90. Mai kashi 81 ce za ta ci gaba, kuma in eriya ta nemi ƙari, akwai sararin a ƙara mata kauri.

19 ga Maris

Ba a huda ƙwayar sola, jamaniyom ne da bai fi kaurin takarda biyu ba. Fil ɗin da ke kai sigina zai bi ta giɓin da ke tsakanin ƙwayoyin biyu, wanda aka faɗaɗa zuwa milimita 2.5 don ya ɗauki fil da rigarsa ta Teflon. Ramin gilashi milimita 1, da bakin lu'ulu'u, cikin ruwa. Na farko ya ɓantare a bakin fita, tsaga ta tafi milimita 6. A na biyu an manna gilashin a kan wani gilashin da kakin zuma, aka huda rabi daga kowace fuska, ya fita sumul. Darasi ga jerin aiki: huda kafin feshin ƙarfe, ba bayansa ba.

8 ga Afrilu

Awo a ɗakin gwajin eriya mai bangon soso, nisa mita 3, ana gwadawa da eriyar ma'auni mai siffar ƙaho. Faifan duka aka kafa, ba gilashin kaɗai ba, domin tsawon daɓe na canja siffar jifa. An yi amfani da ƙwayoyin da suka faɗi jarrabawar masana'anta, masu araha, amma ginin cikinsu ɗaya ne da na gaske.

Toshasshen faci a kan daɓen jan ƙarfe ya ba da 6.2 dBi. Raga mai kashi 90 a kan daɓe ɗaya, 5.0. Mai kashi 81, 5.6. Mai kashi 81 a kan ƙwayoyin sola, 3.5. Raga ta ci dB 0.6, ƙwayoyin sun ci fiye da 2. Ɓarnar daga ƙasa take.

Abin da sigina ke tararwa in ta duba ƙasa ba farantin ƙarfe ba ne. Siraran yatsun ƙarfe ne da ke tattara karan a fuskar ƙwaya, a ƙarƙashinsu hawa-hawan sinadari masu ɗaukar wuta rabi-rabi, sai can ƙasa bayan ƙwayar mai shafen ƙarfe. Abu mai ɗaukar wuta rabi-rabi shi ne mafi muni a nan: bai mayar da sigina duka ba, bai bar ta ta wuce ba, sha yake yi. Bayan ƙwayar kuma ba a haɗa shi da ƙarfen tauraro kai tsaye, tunda yana ɗauke da boltej ɗin jeri. Wannan bai zama matsala ba. Tsakaninsa da jan ƙarfen allo akwai siririyar robar Kapton da gam wajen milimita 0.15, wanda a fili mai santimita murabba'i 30 ya zama kafasita mai kusan pikofarad 500, kuma a wannan firikwensi turjiyarta ba ta kai om 0.15 ba. Ga sigina a haɗe suke, ga wutar batir a rabe.

A na'urar VNA, mai auna siginar da eriya ke mayarwa baya, abin ya yi kyau har ya so ya ruɗi mutane: faɗin zangon da eriya ke karɓa ya tashi daga 25 MHz zuwa kusan 45. Ba ci gaba ba ne. Eriyar da ke shanye sigina ba ta mayar da ita baya, sai na'ura ta ɗauka ta fita. Duk lokacin da faɗin zango ya ƙaru ba a ƙara kauri ba, a nemi inda zafi ke tafiya. Saboda dalili ɗaya wurin fil ya gusa: lissafi ya sa shi milimita 3.6 daga tsakiya don om 50, a kan ƙwayoyi sai ya kai kusan 5.

An haska fitilar zenon ana awo. Inda take amsawa ya motsa da 'yan MHz, ƙarfin jifa bai canja fiye da kuskuren ɗakin ba, wato dB 0.3.

Magani shi ne nisanta raga da ƙwaya. Gilashi mai milimita 3 yana sa sigina ta fita da wuri, ba ta daɗe tana goga jiki da daɓe ba. Lissafi ya ce za a dawo da dB 1.3. Kuɗinsa giram 17 ne, daga 34 zuwa 51. Tsayi: allo 1.6, gam da ƙwaya da murfinta 0.5, gilashi 3, leɓen makama 0.8, jimla 5.9, saura gam ɗin sama. An shiga iyaka da ƙyar.

29 ga Afrilu

Manna gilashin ko barin giɓi? Wannan ya ci mako uku.

Hujjar masu cewa kada a manna tana da ƙarfi. Murfin ƙwayar sola, gilashin nan mai maikuron 100, an zuba masa seriyom ne da gangan don ya tare UV kada ya ƙona gam ɗin da ke ƙasansa. Silika zalla kuwa UV na ratsa shi har wajen nanomita 200. Duk gam ɗin da aka sa tsakaninsa da murfin zai sha rana tsirara, ya yi duhu, kuma shuɗi zai fara tarewa, abincin hawan sama. Ga kuma bambancin miƙewa: silika na miƙewa kashi 0.55 cikin miliyan a kowane digiri, allon FR4 wajen 14, alminiyom 23. Daga digiri 40 ƙasa da sifiri zuwa 85, a tsawon milimita 94, allo zai tsere wa gilashi da milimita 0.16, alminiyom da 0.26. Kuma in an manna, ƙwayar da ta fashe ba ta canjuwa.

Sai aka gwada giɓi, da 'yan ƙyallayen Kapton masu milimita 0.2 a gefe. Bai yi ba. Iska, ko rashinta, lambarta 1 ce a gefen 3.78, don haka ɗan giɓi na da babbar murya. A lissafi, ƙarin milimita 0.05 na ɗaga firikwensi da kusan 35 MHz. A benci an gani da ido: danna tsakiyar allo da yatsa daga baya, layin VNA ya tafi 20 MHz, a saki ya dawo. Kwance sukurori huɗu a sake ɗaurewa, ya sauka wani wuri dabam. Allon da ke lanƙwasa da zafi sau 15 a rana ba zai riƙe giɓi a tsakanin milimita 0.02 ba.

Gam ɗin silikon lambarsa wajen 2.7 ce, kuskuren milimita 0.05 a kaurinsa 6 MHz kaɗai yake jawowa. Ga ribar haske ta kashi 5 da aka gani a Maris. An koma ga manni, da sharaɗi biyu. Na ɗaya, shafen da ke tare UV a fuskar gilashi ta ciki: silika kansa ba ya jin UV, gam ne ke buƙatar laima, kuma hakan ya bar fuskar waje tsaf don ƙarfe ya kama. Na biyu, kauri milimita 0.2 cif, don ya zama katifa mai shanye miƙewa, ya kuma rufe 'yan lanƙwasassun ƙarafan da ke haɗa ƙwaya da ƙwaya ba su taɓa gilashi ba.

Gam ɗin DOWSIL 93-500 ne, irin wanda ake manna murfin ƙwaya da shi, mai cika ƙa'idar ASTM E595: abin da ke tashi daga jikinsa a rashin iska kada ya wuce kashi 1, mai komawa ya daskare kada ya wuce 0.1. Ana haɗa shi 10 da 1 a kan sikeli, a zuƙe kumfarsa har ya daina tafasa. A zuba shi a tsakiya siffar gicciye, a sauke gilashi daga gefe ɗaya a hankali kamar rufe littafi, da guntayen waya masu milimita 0.2 a kusurwoyi. Manni na farko an sauke gilashin a kwance, kumfa uku suka maƙale a kan giɓin ƙwayoyi. Kumfa a sararin samaniya kumbura take yi. Yanzu ana fara cike giɓin da sirinji, a bar shi ya kwanta, kafin a zuba na sama.

15 ga Mayu

Gilashi mai milimita 3, raga 32.2, an manna: 4.8 dBi, karan ya ragu da kashi 5.

Kashi 5 ɗin nan ba a kan ƙwaya biyu yake tsayawa ba. Bakwai ɗin a jere suke, kai da wutsiya, karan ɗaya ke ratsa su, mai rauni ke jan ragama. Asarar da ta kamata ta zama wat 0.12 ta koma kusan 0.4. An duba raba su: biyar a layinsu na bolt 12, biyu a nasu na bolt 4.8. Sai dai layin biyun zai buƙaci na'urarsa ta ɗaga boltej zuwa na batir, kuma mai inganci kashi 90 za ta ci wat 0.23 ita kaɗai. Ba riba, ga ƙarin kayan da za su iya lalacewa. An bar jeri ɗaya. Abin da za a yi kyauta ne: ƙwayoyin kwali ɗaya ba sa zuwa daidai, a auna su duka, biyun da suka fi karan su shiga ƙarƙashin gilashi.

Da aka kunna na'urar aikawa a wat 1, adadin boltej ɗin faifai da kwamfutar wuta ke karantawa ya yi tsalle. Ƙwayoyin da suka zama daɓe suna tura sigina cikin wayoyin sola. An sa kafasita mai pikofarad 10, girman 0402, daga kowace waya zuwa jan ƙarfen allo daidai inda ta fito, da ƙullin ferait a bayanta. Pikofarad 10 aka zaɓa don ita ce ke zama gajeriyar hanya a wajen 2.2 GHz, mai nanofarad 100 da aka saba sawa ta riga ta zama kamar naɗaɗɗiyar waya a nan. Tsallen ya tsaya. An kuma ƙara reshe mai rubu'in tsawon igiya a bayan allo, bakinsa a haɗe da ƙarfen tauraro, don cajin da ke taruwa a raga ya sami mafita ba ta cikin rediyo ba.

3 ga Yuni

Murɗa sigina da fil ɗaya ana yin sa ne da yanke kusurwoyi biyu masu kallon juna. Girman yankan na bin yawan asarar eriya. A nan lissafi ya ba da milimita 4. Ma'aunin zagaye, mai nuna yadda murɗawar ta kauce wa cikakkiyar da'ira, ya fito dB 5, ana son ƙasa da 3.

Daɓen ne ba ya kallon ɓangarorin biyu da ido ɗaya. Yatsun ƙwaya duk hanya ɗaya suka nufa, giɓin kuma ya ratsa ƙarƙashin faci ta ɗaya hanyar, don haka karan mai bin tsawo da mai bin faɗi ba sa amsawa a wuri ɗaya tun kafin a yanke komai. An gyara da ƙananan yankan tef ɗin jan ƙarfe a gefen raga har zagayen ya daidaita, aka auna, aka mayar da shi zane: gefen da ke bin giɓi ya fi ɗayan da milimita 0.4. Da haka an sami dB 2.4 a tsakiya, kuma yana ƙasa da 3 a faɗin kusan 14 MHz, wanda ya ishi tashar da za a nema. Wannan gyara na wannan ƙwaya ne da wannan jeri kaɗai. In an juya ƙwaya ko an canja kamfani, sai an sake.

24 ga Yuni

Zafi da sanyi, zagaye 40 a tanda, daga 40 ƙasa da sifiri zuwa 85, digiri 3 a minti. A tsayin kilomita 500 tauraro na kewaya duniya a minti 95, wato shiga inuwa da fita sama da sau 5,000 a shekara, don haka 40 ɗanɗano ne.

Gam bai saki ba, ƙwaya ba ta tsage ba, firikwensi ya dawo inda yake cikin 3 MHz. Fil ne ya ba da kunya. A zagaye na 26 eriyar ta fara ɗaukewa in an yi sanyi, ta dawo in an yi zafi. A madubin ƙara girma an ga dalma ta yi zobe a kewayen fil, zare biyu na raga sun ɗago tare da ita. Sandar ƙarfe ce aka kafe da dalma sama da ƙasa, allo na tafiya, gilashi na tsaye, mahaɗar da ta fi rauni ta biya.

A sabon zane za a bar toshasshen da'ira mai milimita 3 a gefen ramin, fil ya tsaya daidai da fuskar gilashi ba a kafe shi ba, a haɗa su da siririn ƙyallen zinariya mai ɗan doro da zai riƙa lanƙwasa. Inuwar da'irar kusan duk a kan giɓi take faɗawa. Ƙyallen zai ƙara wajen nanohenri 1, za a cire shi a bayan allo. Fil mai sifirin an ƙi shi, don a jijjigar roka yana iya sakin jiki.

9 ga Yuli

Lissafin ko aikin ya biya kansa. Eriyar na bayan toshasshen faci da dB 1.4. Daga kilomita 500, in tauraro na digiri 10 sama da gefen sama, nisansa da tasha kusan kilomita 1,700 ne, hanya na cin dB 164. Don a cike dB 1.4 sai a ɗaga na'urar aikawa daga wat 1 zuwa 1.4, da inganci kashi 30, ƙarin wat 1.3 ne daga batir, na minti 10 sau huɗu a rana, bai kai wat-awa 1 ba. A ɗaya gefen, ƙwaya bakwai da gilashi na ba da wat 8.0 inda biyar ke ba da 6.0. Wat 2 a awa ɗaya ta rana, kewaye 15, wat-awa 30 ke nan a rana in fuskar na kallon rana. Ga tauraron da ke kallon ƙasa da wannan fuska kullum lissafin ya sha bamban, domin galibin abin da za ta samu hasken da duniya ke mayarwa ne.

An yi odar gilashi 4 masu milimita 3, da rami a milimita 5.2 daga tsakiyar faci, da shafen UV a ciki. Mai shafen ya tambayi ko gefen da zai kalla iska ne ko gam. An ba shi lambar karya haske ta gam, 1.41, tunda shafen da aka tsara don iska ba zai yi aiki ɗaya a nutse ba. Guntaye shida na gwaji, uku da shafe uku babu, za su shiga ƙarƙashin fitilar UV a tukunya marar iska, ana auna shuɗin da ke ratsa su duk awa 100. Gwajin jijjiga zai biyo bayan sabon fil: matakin 14.1 g na ƙa'idar gwaji ta GEVS ta NASA, daga 20 zuwa 2,000 Hz, minti 2 a kowane ɓangare, da awon VNA da hoton gefen rami kafin da bayan kowanne. Makamar sama da ƙasa har yanzu alminiyom ce tsirara a jikin gilashi. Ana yanka mata shimfiɗar silikon mai milimita 0.3, wanda zai kai tsayin duka 6.4.